Garuruwan Da Ke Ɓoye Cikin Sunayen 'Ya'yan Itatuwa Da Launuka

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai darasi biyu waɗanda kowanenmu zai koyar a makarantar firamare, ko ya so ko ya ƙi, watau sunayen 'ya'yan itatuwa da Turanci, da sunayen launuka. Yadda aka saba, malami ya jera kalmomi a allo, yara su yi ta maimaitawa har a buga ƙararrawa, kashegari kuwa a tarar rabi ya zube. Ga shi kuwa da yawa daga cikin kalmomin nan sunayen garuruwa ne da ƙasashe waɗanda bakin Turawa ya tauna har suka sāke kama. Wanda ya san haka yana iya haɗa darasin Turanci da na labarin ƙasa a awa guda. Amma fa akwai tarko a ciki, gama galibi sunan ba ya nuna inda abu ya samo asali, sai dai ƙofar da ya bi ya shiga wurin masu sa sunan.

Bari mu fara da wanda ke kusa da mu. Duk mai wucewa ta Bolari lokacin lemo ya ga tanjarin a teburan masu sayar da kayan marmari, an kasa shi kashi kashi, yawancinsa daga ƙasar Binuwai a ke kawo shi. Kalmar tanjarin aro ce daga Turanci, tangerine, ma'anarta kuwa "na Tanja". Tanja, wadda Turawa ke kira Tangier, tashar jiragen ruwa ce a arewacin Maroko, tana kallon Sifen ta ƙetaren ruwa. A can aka haifi Ibn Batuta a 1304, matafiyin nan da ya zo ƙasar Mali a 1352. Daga tashar nan aka riƙa lodin ƙananan lemo masu sauƙin ɓarewa zuwa Ingila, saboda haka a wajen shekarun 1840 Ingilishi suka laƙaba musu sunan garin. To, asalin itacen ba a Maroko ya ke ba, daga ƙasar Sin ya fito da ƙasashen da ke kudu da ita. Kun ga ke nan, itacen Sin, da sunan Maroko, manomin Binuwai ya shuka, yaron Bolari ya sha.

Haka labarin peach ya ke, wani ɗan itace mai taushi da ba ya yi a ƙasarmu amma yana cikin littattafan karatu. Shi ma ɗan Sin ne, an yi shekaru dubbai ana nomansa can. Da ya yiwo yamma ta hanyar fatake sai ya yada zango a Farisa, watau Iran ta yau, daga nan ya isa hannun Romawa, su kuwa suka ce masa "tuffar Farisa", persicum da Latin. Faransawa suka gajarta kalmar, Ingilishi suka karɓa daga gare su, har yau ba mai jin Farisa a cikinta sai wanda aka nuna wa.

Waɗansu sunayen kuma mun riga mun san garuruwansu tun muna ƙananan azuzuwa. Currant ƙananan zabibi ne da a ke sawa a burodi da kek, asalin sunan "zabibin Korinti", birnin nan na ƙasar Girka wanda Bulus ya rubuta wa mutanensa wasiƙu, domin daga can a ke fitar da su. Damson ɗan itacen Dimashƙa ne, babban birnin Siriya. Cherry kuwa ana danganta shi da Kerasus, wani gari a bakin Baƙin Teku a Turkiyya, wanda yanzu a ke kira Giresun, ko da ya ke waɗansu masana sun ce garin ne ya ci sunan itacen. Akwai abin lura a nan ga malamin nahawu. Da kalmar ta shiga Turanci daga Faransanci, cherise ce. Ingilishi suka ji sautin s a ƙarshe suka zaci jam'i ne, sai suka yanke shi suka ƙago tilo. Kada mu yi musu dariya, gama mu ma da muka ari albasa da alkama da alƙali daga Larabci, mun haɗiye "al" ɗin gaba ɗaya kamar cikin jikin kalmar ya ke.

Orange fa? A nan ne tarko ya fi kama mutane. Akwai gari a kudancin Faransa mai suna Orange, daga nan gidan sarautar Holan ya samo sunansa, saboda gidan ne kuma aka sa wa babban kogin Afirka ta Kudu suna Orange a 1779. Sai mutum ya ɗauka lemo ma daga can ya ci suna. Ba haka ba ne. Kalmar lemon daga Indiya ta taso, naranga, ta bi ta Farisa, ta shiga Larabci ta zama naranj, sa'an nan ta ƙetara Turai, harafin n na farko ya faɗi a hanya. Garin kuwa sunansa na da Arausio, kamannin kawai ya zo daidai. Launin ne ya ci sunan lemo, kamar yadda mu ke cewa ruwan lemo ko ruwan goro. Abin sha'awa, a waɗansu harsuna lemon zaƙi yana da sunan ƙasa sosai. Larabawa suna ce masa burtuƙal, Turkawa portakal, watau Fotugal, domin jiragen Fotugal ne suka yaɗa mai zaƙin a ƙasashen Bahar Rum bayan shekara ta 1500. Jamusawa da mutanen Holan kuwa suna ce masa "tuffar Sin". Su ne suka fi kusa da gaskiya.

Yanzu mu koma ga launuka. Mu Hausawa dabararmu ita ce mu kwatanta launi da abin da ke gabanmu: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan makuba, ruwan hoda. Turawa ma suna yin haka, amma da ya ke yawancin fentinsu da rininsu saye su ke yi daga nesa, sunan inda kayan ya fito ya kan manne wa launin. Sienna wata irin ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe wadda a dā aka riƙa haƙa kusa da birnin Siyena a Italiya. Ɗanyarta ruwan ƙasa ce mai ratsin rawaya, in an gasa ta sai ta koma ja-ja, kamar yadda tukunya ke yi bayan mai ginin tukwane ta ƙona ta. Gamboge, wani rawaya mai haske, ƙaron itace ne daga Kambodiya. Waɗannan biyu sunayensu na gaskiya ne. Prussian blue kuwa shuɗi ne mai duhu da aka fara haɗawa a Balin a wajen 1706, lokacin birnin yana hedkwatar ƙasar Furushiya. An shafe ƙasar daga taswira a 1947, amma sunanta yana nan daram a akwatin fenti.

Turquoise ya bi hanyar peach. Dutse ne mai launi tsakanin shuɗi da kore wanda a ke sawa a zobe, ma'adinansa mafi suna suna Nishapur a Iran. Da ya ke ta kasuwannin Turkawa ya ke isa Turai, Faransawa suka ce masa "dutsen Turkiyya". Turkawa dai sun sha samun suna a banza. Ko talotalo, wanda asalinsa tsuntsun Meksiko ne, Ingilishi turkey su ke ce masa, alhali su Turkawan suna kiransa hindi, ɗan Indiya.

Mafi ban mamaki shi ne magenta, jan nan mai ratsin shunayya wanda ke ɗaya daga cikin tawada huɗu na na'urar buga takarda mai launi, wadda mu ke gani a shagunan buga takardu na cikin gari. Majenta ƙaramin gari ne yamma da Milan a Italiya, ba a haƙa kome can, ba a kuma rina kome. Ran 4 ga watan Yuni 1859 sojojin Faransa da na Sardiniya suka ci na Ostiriya da yaƙi a wurin. A daidai lokacin wani masanin haɗa magunguna a Faransa, Verguin, ya samo sabon rini daga kwaltar gawayin ƙasa, an sa masa suna fuchsine. Da labarin nasara ya cika gari, 'yan kasuwa suka ga sunan yaƙin zai fi ja musu masu saye, sai rinin ya zama magenta. Bayan kwana 20 aka sāke gwabzawa a Solferino, aka kuma sa wa wani launi wannan sunan, amma bai yi farin jini ba. Abin da ya dawwama daga Solferino wani ne dabam, gama wahalar da Henri Dunant ya ga masu rauni suna sha a filin ita ta sa aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863.

Sai indigo, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ma'anarsa "na Indiya", daga harshen Girka, domin daga can Girkawa da Romawa ke samun shuni. Duk ɗan Hausa ya san ba Indiya kaɗai ke da baba ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda a ke cewa an kafa ta a 1498, har yanzu ana rini a cikinta, kuma da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da rinannen tufafin Kano suna tafiya har Tambutu da Tarabulus. Da a ce Girkawa da mu su ke ciniki, watakila da yanzu 'yan makarantar Ingila suna haddace sunan Kano cikin launuka bakwai na bakan gizo. Shunin Indiya da namu duka sun sha kashi tun daga 1897, sa'ad da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na inji.

Kada mu zaci wannan hali na Turawa ne su kaɗai. Harshenmu cike ya ke da irinsa. Ga masara, wadda ta cika gonakin ƙasar Gombe har yaro zai rantse tun kaka da kakanni muna da ita. Sunanta daga Masar ne, watau dawar Masar, ta wannan fuska kakanninmu suka ga ta ɓullo. Amma Fir'auna bai taɓa ganin masara ba. A kudancin Meksiko aka fara nomanta, wajen shekara 9,000 da suka wuce, ba ta kuwa ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Mutanen Italiya suna ce mata "hatsin Turkiyya", mu mun ce na Masar, kowa ya kira sunan wanda ya miƙo masa. Gwandar gida ma, wadda tsofaffi ke kira gwandar Masar don a bambanta ta da gwandar daji, 'yar tsakiyar Amurka ce. Dankalin Turawa kuwa, wanda ya ke zuwa mana daga Jos, asalinsa duwatsun Andes ne a Amurka ta Kudu. Turawa masu kawowa ne kawai.

Misalin da ya fi kama da na tanjarin shi ne goro. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya Gwanja da jakuna, tafiyar watanni, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro, har goron Gwanja ya zama suna, Gwanja kuma ta shiga karin magana da waƙa. To, Gwanja, watau ƙasar Gonja a arewacin Ghana, ƙasar ciyawa ce irin tamu, goro ba ya son ta. A kurmin Asante a ke tsinkarsa, a ɗauko a ka zuwa kasuwar Salaga, inda Bahaushe ke jira. Shi Bahaushe kasuwar ya sani, bai ga kurmin ba, sai ya sa wa goron sunan kasuwar. Muna da sunayen gaskiya kuma, irin sienna. Gishirin Balma daga Bilma ya ke, can cikin hamadar Nijar, Buzaye ke kawo shi a raƙuma. Rawanin nan baƙi mai walƙiya da a ke kira ɗan Kura, a garin Kura na ƙasar Kano a ke rina shi a buga shi.

Mai yiwuwa wani ya ce, to, mene ne a ciki? Suna dai suna ne, tanjarin ba zai rage zaƙi ba don an kira shi na Tanja. Ni ban yarda ba, ga kuwa dalilina. A Turanci akwai kalmar morocco da ƙaramin harafi, ma'anarta fatar akuya mai laushi da ƙarko, galibi ja, wadda a ke yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Gaskiya ne ana jima mai kyau a Maroko. Amma kashi mai yawa na fatun da suka isa Turai da wannan suna, na jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ne. Majeman ƙasar Hausa suka jeme su da bagaruwa, suka rina da karan dafi, ayari ya ɗauka ya ƙetare hamada da su zuwa tashoshin Bahar Rum. Baturen da ya saya a bakin teku bai san Sakkwato ba, balle unguwar majema. Sai can daga baya, da fatun suka fara fita ta kogin Kwara da tashar Ikko, masu ɗinkin littafi a Ingila suka soma cewa Niger morocco, shi ma rabin suna ne. Wanda ya yi kiwo da wanda ya sha warin jima sun yi aiki, ɗan tsakiya ya tafi da suna. A kasuwa kuwa mai saye suna ya ke nema, shi ya ke biya wa kuɗi.

'Yan kasuwar zamani sun san wannan sarai. Ɗan itacen nan mai gashi-gashi, kiwi, daga Sin aka kai irinsa Niyu Zilan a 1904, ana kiransa da sunan Sin, har 1959 masu fitar da shi waje suka sāke masa suna da na tsuntsun ƙasarsu. Yanzu ma akwai doka wadda ke kāre sunan wuri a kan kaya, yadda ba mai ikon sa sunan sai mutanen wurin. A Afirka, ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru irin wannan rajista a 2013. A farkon shekarun 2020 kuma Nijar ta sami rajistar kilishinta da albasar Galmi. Galmi garin Hausawa ne a jihar Tawa, sunan albasar da Faransanci Violet de Galmi, ga launi ga gari a suna guda, wannan karon kuwa garin manoman ne da kansu.

To, yaya za mu kai wannan cikin aji? A ganina aji biyar da na shida ya fi dacewa, sa'ad da yara suka fara sanin taswirar duniya. Kada malami ya fara da Tanja, ya fara da ƙofar gida. Ya tambayi yara me ya sa a ke ce wa unguwarsu Bolari. Dattawa suna danganta sunan da Bolawa, kamar yadda a Maiduguri a ke da Hausari da Fulatari da Shuwari. Ya gaya musu kuma ko sunan Gombe tafiya ya yi, gama Gomben farko wadda Buba Yero ya kafa ita ce Gombe Abba a bakin kogin Gongola, a 1919 ne aka kawo hedkwatar masarauta nan Doma, suna ya biyo sarki. Da zarar yaro ya gane suna yana da dalili, yana kuma iya yin ƙaura, sauran aikin ya yi sauƙi.

Sa'an nan a shigo da kaya. Tanjarin guda, goyon masara, goro, ɗan ƙyallen baƙi rinanne, da guntun jar fata daga wurin baduku, duka ba za su ci kuɗi mai yawa ba. A rataye taswira, a nemi zare iri biyu da 'yan allurai. Jan zare ya tashi daga Gombe zuwa garin da abin ya ci sunansa, baƙi kuma zuwa inda ya samo asali. A tanjarin ja zai tsaya Maroko, baƙi ya zarce Sin. A masara ja zai nufi gabas, baƙi ya ƙetare teku ta yamma. A fata kuwa ja zai haye hamada, baƙi ya tsaya Sakkwato, tafiyar yini guda a mota. Na gwada wannan a wani aji shida a Bolari lokacin koyarwar gwaji, abin da ya fi ɗaukar hankalin yaran shi ne masara, sai da suka yi ta gardama a kan ko Masarawa sun san mun ba su ita. Kalma biyar ko shida sun isa darasi guda. In aka jibga ashirin an koma gidan jiya, haddar da mu ke gudu.

Gargaɗi ɗaya. Kunne yana ruɗi, kamar yadda muka gani a orange. Kafin malami ya gaya wa yara asalin kowace kalma, ya duba babban ƙamus na laburare mai nuna asalin kalmomi, na Hausa kuwa ga ƙamusun Bargery na 1934. Abin da malami ya faɗa a firamare yaro ya kan riƙe shi har tsufa, ƙarya ce ko gaskiya.

Akwai aikin da ba a yi ba tukuna wanda mu za mu iya yi. A babbar kasuwar Gombe akwai irin shinkafa, da wake, da mangwaro, da dabino, da atamfa, waɗanda a ke kira da sunayen garuruwa da ƙasashe, sababbi kuma suna ta fitowa kowace shekara, ba wanda ke rubuta su. Duk wanda ya fita koyarwar gwaji a zango mai zuwa, ya sa 'yan ajinsa su tambayi iyayensu da masu sayarwa irin waɗannan sunaye, kowane suna a rubuta abin da a ke nufi da shi, da inda mai sayarwa ya ce ya saro kayan, da inda ya ji an ce ana nomansa ko ana yinsa. A miƙa wa editan shafukan Hausa abin da aka tara kafin hutun ƙarshen zango, don a buga a fitowa ta gaba.